Ma'ana da Asalin Kalmar "Obstinate" a Harshen Ingilishi

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi diddigin kalmar "obstinate", wadda aka saba fassarawa da "mai taurin kai", domin mu ga ko wannan fassara ta dace da kowane muhalli.

Kalmar ta shiga Ingilishi a ƙarni na 14 daga kalmar Latin "obstinatus". Idan muka feɗe ta za mu sami sassa biyu: ɗafa-goshi "ob-", mai ma'anar "a gaban", da kuma saiwa mai dangantaka da aikatau "stare", wato "tsaya". Ke nan a asali tana nufin wanda ya tsaya ƙyam a gaban wani abu, ya ƙi gusawa. Daga waɗannan sassa ne kuma aka sami "obstacle", wato abin da ya tare hanya.

Abin lura a nan shi ne, ba kullum Romawa ke aibata mutum da wannan kalma ba. Masanin tarihi Titus Livius ya siffanta Lukareshiya da ita a littafi na farko na tarihin Roma, inda ɗan sarki ya neme ta da lalata da takobi a hannunsa, amma barazanar kisa ba ta girgiza ta ba. A nan kalmar tana nuna ƙarfin zuciya ne.

A Ingilishi kuwa zargi ya rinjayi yabo. A littafin The Pilgrim's Progress na 1678, John Bunyan ya raɗa wa wani mutum suna Obstinate. Shi ne wanda ya toshe kunnensa ga nasihar maƙwabcinsa, ya yi masa ba'a, ya koma gida.

Idan muka waiwayo ga Hausa, za mu ga ita ma a kan tsayuwa ta gina irin wannan ma'ana, sai dai ta raba ta gida biyu. Wanda ya riƙe gaskiya mukan ce ya yi tsayin daka. Wanda ya ƙi jin shawara kuwa mukan ce ya kafe, ko yana da taurin kai.

Saboda haka wajibi ne mai fassara ya dubi harshe da zamanin rubutu kafin ya zaɓi kalma. Taurin kai ya dace da mutumin Bunyan, amma duk wanda ya jingina shi ga Lukareshiya ya juya maganar Livius, ya mai da yabo zagi.