Kuben adda

Kuben adda gida ne na fata da ake zura adda a cikinsa, domin kare kaifinta da jikin mai ɗauke da ita. Ɗinka shi aikin dukawa ne, amma mai koyo ma yana iyawa. An fi amfani da kirgi mai kauri, saboda fatar akuya ta cika laushi. Akan zana siffar addar a takarda, a bar rata, sannan a yanka fatar. Dole bakin kuben ya ɗauki wuri mafi faɗi na addar. Kafin ɗinki, akan saka siririyar fata a tsakani ta ɓangaren kaifi, in ba haka ba addar za ta yanke zaren.