Shaquille O'Neal da Sana'arsa ta Biyu

A farkon watan Yunin 2011 Shaquille O'Neal ya ba da sanarwar ajiye ƙwallon kwando bayan kaka 19 a gasar NBA ta Amurka, kuma ba a ɗauki dogon lokaci ba gidan talabijin na TNT ya ɗauke shi aikin sharhin wasanni. Masu ba da labarinsa sukan ce a lokacin ne ya bar fili ya koma harkar nishaɗi. Wannan zance bai yi daidai da tarihin mutumin ba. Shaq, kamar yadda duniya ta san shi, ya shiga harkar nishaɗi tun yana da shekara 21, ya sha faɗuwa a cikinta a idon jama'a, ya kuma koyi abin da zai iya da wanda ba zai iya ba tun ƙarfinsa bai ƙare ba. A ganina wannan tsari nasa, wanda aka daɗe ana zarginsa a kansa, shi ne mafi hikima cikin abubuwan da ya yi, ko da yake ba kyauta ya same shi ba.

An haife shi a Newark ta jihar New Jersey ranar 6 ga Maris, 1972, ya tashi a hannun mahaifiyarsa Lucille da mijinta Phillip Harrison, sajan a rundunar sojan Amurka. Bayan ya yi wasa a Jami'ar Jihar Louisiana, ƙungiyar Orlando Magic ta ɗauke shi a matsayin na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1992. Tsawonsa ya kai mita 2.16, nauyinsa ya haura kilo 130, amma yana da zafin nama irin na ƙananan 'yan wasa. A kakarsa ta farko sau biyu yana karya abin da ke riƙe da kwando saboda ƙarfin da yake dunƙula ƙwallo da shi, har sai da hukumar gasar ta sake ƙarfafa ƙarafan. Ya kamata a tuna da irin gasar da ya shigo. David Stern, wanda ya shugabanci NBA daga 1984 zuwa 2014, ya gina ta ne a kan fuskokin taurari, wato Magic Johnson da Larry Bird da Michael Jordan, ya sayar da ita ga gidajen talabijin na duniya a matsayin abin kallo. Yaron da ya shigo a 1992 ya tarar da shingen da ke tsakanin wasa da nishaɗi ya riga ya faɗi, kuma ba shi ya kayar da shi ba.

Bai ɓata lokaci ba. A 1993 ya fitar da kundin waƙoƙin gambara mai suna Shaq Diesel, wanda aka sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya. A 1994 ya fito a fim ɗin Blue Chips tare da Nick Nolte, inda ya taka rawar ɗan wasan kwando da jami'a ke zawarci, kuma ya yi abin a zo a gani domin kusan kansa yake kwaikwaya. Daga nan sai aka shiga shekarun tuntuɓe. Wasan bidiyo na Shaq Fu ya zama abin dariya a wurin masu wasannin kwamfuta. A fim ɗin Kazaam na 1996 ya fito a matsayin aljani mai biya wa wani yaro buƙatu uku, masu sharhi suka yi masa ca. Steel na 1997, inda ya zama jarumi mai sulken ƙarfe, bai tara ko dala miliyan biyu ba a gidajen kallo na Amurka, alhali an kashe kusan miliyan 16 wajen shirya shi. Wanda ya dubi waɗannan ayyuka a jere zai ga abu guda: duk inda aka nemi Shaq ya zama wani mutum daban, abin ya lalace, duk inda aka bar shi da halinsa na barkwanci da surutu, jama'a sun karɓa. Wannan ilimi ya saye shi da kunya tun yana ɗan shekara 25, lokacin da faɗuwar fim ba za ta taɓa abincinsa ba, domin a 1996 ya sa hannu a yarjejeniyar shekara bakwai ta kimanin dala miliyan 120 da Los Angeles Lakers.

Babban abin da ake ƙalubalantarsa da shi shi ne cewa waɗannan harkoki sun ci lokacin da ya kamata ya ba atisaye. Zargin yana da ƙafafu, bai kamata a yi watsi da shi ba. A wasan ƙarshe na 1995 Houston Rockets ta Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ta doke Orlando sau huɗu a jere, aka ga bambanci tsakanin gwanin da ya goge wajen sarrafa ƙafa da matashin da ya dogara da ƙarfi. Shaq ya gama aikinsa da kashi 52.7 cikin ɗari kacal a jifar kyauta, wadda ake ba ɗan wasa idan an yi masa ƙeta, ya zubar da fiye da 5,000 daga cikinsu. Raunin ya yi ƙamari har masu horarwa irin su Don Nelson suka riƙa sa a yi masa ƙeta da gangan domin a tura shi layin jifa. Abokin wasansa Kobe Bryant ya sha faɗa a fili cewa Shaq ba ya zuwa sansanin horo da jiki a shirye, kuma a 2002 Shaq ya jinkirta tiyatar yatsan ƙafarsa har dab da fara kaka, abin da ya jawo masa suka mai yawa.

Sai dai idan aka auna zargin da sakamako, ba ya kaiwa inda masu shi ke son kai shi. A wancan wasan ƙarshe da Olajuwon, Shaq yana da shekara 23 kuma yana cin maki 28 a kowane wasa. Ƙuruciyar ƙungiyarsa ce ta kayar da su, ba faifan waƙa ba. Shekara uku bayan faɗuwar Steel, a 2000, aka zaɓe shi gwarzon gasar da ƙuri'a 120 cikin 121, ya kuma ci maki 38 a kowane wasa a karawar ƙarshe da Indiana. Lakers ta ɗauki kofi a 2000 da 2001 da 2002, kuma duk sau ukun shi ne gwarzon wasan ƙarshe. Ya ƙara na huɗu da Miami Heat a 2006 tare da Dwyane Wade, ya kuma gama aikinsa da maki 28,596. Matsalar jifar kyauta kuwa tsohuwar cuta ce ta wasu manyan 'yan wasa. Wilt Chamberlain ya fi shi rauni a wannan fanni. Mai yiwuwa da ya ƙara kula da jikinsa da ya ƙara kofi ɗaya ko biyu, amma wannan hasashe ne. Abin da ba hasashe ba shi ne makomar ɗan wasan da bai tanadi komai ba sai wasa. Antoine Walker, wanda suka ɗauki kofin 2006 tare, ya samu fiye da dala miliyan 100 a rayuwarsa ta wasa, amma a 2010 ya je kotu ya bayyana cewa ya talauce. Gwiwa da ƙafa suna da wa'adi, kuma yawancin 'yan wasa ba sa kai shekara 35 a fili.

Akwai masu cewa suna ne kawai ya buɗe masa ƙofa, ba gwaninta ba. Gaskiya ne suna ya buɗe ƙofar, amma suna ba ya zaunar da mutum a kujera ɗaya fiye da shekara goma. Taurari da dama sun gwada sharhi a talabijin suka fice ba a ji ɗuriyarsu ba, shi ma farkon zuwansa shirin Inside the NBA na TNT an yi ta ƙorafi kan yadda yake magana ƙasa-ƙasa da yadda yake katse abokan zama. Ya gyara, ya sami gurbinsa tsakanin Ernie Johnson da Kenny Smith da Charles Barkley. Abin da yake kawowa teburin kashi biyu ne: sanin abin da dogon ɗan wasa ke fuskanta a ƙarƙashin kwando, da kuma yarda a yi dariya da shi. Sashen Shaqtin' a Fool, mai tattara kurakuran 'yan wasa na mako, ya yi farin jini sosai, ko da yake ya wuce gona da iri a kan JaVale McGee har abin ya zama rigima a 2017. Darajar shirin ta fito fili lokacin da TNT ta rasa haƙƙin nuna wasannin NBA a Amurka: maimakon shirin ya mutu, sai aka yi yarjejeniya ya ci gaba da fita a ESPN da ABC daga kakar 2025. A gefe guda yana zagaya manyan bukukuwan kiɗa da sunan DJ Diesel. Kuma bai tsaya ga kyamara ba, domin ya koma ya kammala digirinsa a Louisiana a 2000 don cika alkawarin da ya yi wa mahaifiyarsa, ya yi digiri na biyu a harkar kasuwanci a 2005, ya karɓi digirin digirgir a fannin ilimi daga Jami'ar Barry a 2012.

Inda nake ganin sukar ta fi kama shi ba a fili ba ne, a kasuwar talla ne. Mutumin da jarinsa shi ne yardar jama'a yana ɗauke da amana, kuma Shaq ya yi amfani da ita ta hanyoyi biyu masu karo da juna. Shi ne ya zaɓi sayar da takalma masu araha a shagunan Walmart domin iyayen da ba su da kuɗin takalman taurari, ya shiga hukumar daraktocin kamfanin Papa John's a 2019, ya zama shugaban sashen kwando na kamfanin Reebok a 2023. Shi ne kuma ya yi wa kamfanin kuɗin kirifto na FTX talla, kamfanin da ya durƙushe a Nuwambar 2022 da dukiyar dubban mutane, aka kuma sa sunansa cikin taurarin da aka kai ƙara. Bayanin da ya yi cewa shi ɗan talla ne da aka biya bai wadatar ba, domin wanda ya zuba kuɗinsa bai zuba don sharuɗɗan kamfanin ba, ya zuba ne don fuskar da ya sani tun 1992. Kazaam da Steel masu shirya fim suka jawo wa asara, su da suka san kasadar sana'arsu. Asarar FTX kuwa ta faɗa ne a kan ƙananan masu ajiya, kuma a nan ya kamata a tsananta masa tambaya fiye da yadda aka tsananta a kan jifar kyauta.