A Yi Hattara Da Ɗaukar Guzurin Fetur A Kan Babur

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja kunnen 'yan uwana masu yin doguwar tafiya a kan babur, musamman game da yadda suke ɗaukar guzurin man fetur.

Ni dai makanikin babura ne, na haura shekara ashirin ina wannan sana'a. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, na lura mutane da yawa sun koma hawa babur zuwa garuruwa masu nisa, saboda kuɗin mota ya fi ƙarfin talaka. Ga kuma samari masu sha'awar yawon buɗe ido, waɗanda suka ji labarin Kunle Adeyanju da ya tuƙo babur daga Landan zuwa Legas a 2022, su ma suna son su gwada tasu bajintar. Duk wannan ba laifi. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne jarkokin da nake gani ɗaure a bayansu.

Ba labari aka ba ni ba, a gidanmu abin ya faru. Ƙanena ya tashi daga Kano za shi gida hutun Sallah ta hanyar Haɗeja. Sai ya cika wani tsohon galan na man gyaɗa da fetur, ya toshe bakin da leda saboda murfin ya sake, ya rataye shi a gefe. Rana ta take, galan ya kumbura, mai ya riƙa tsiyaya a kan wandonsa bai ankara ba. Da ya tsaya ya gyara ɗaurin, ya zo tayar da babur, sai tartsatsi ya fito daga wayar fulogi da ta zaizaye. Nan take wuta ta kama shi. Allah Ya sa akwai manoma kusa, suka birkice shi a ƙasa suka rufe shi da rairayi. Wata biyu ya yi a gadon asibiti, har yau ƙafar nan ba ta miƙewa sosai. Duk a kan man da bai kai lita biyar ba.

Jama'a, abin da yawancinmu ba mu gane ba shi ne, ba ruwan fetur ɗin ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne. Fetur yana fitar da tururin da zai iya kama wuta ko da a sanyin da ya fi na ƙanƙara. Kuma tururin ya fi iska nauyi, saboda haka ƙasa-ƙasa yake bi, ya je ya tarar da garwashin mai shayi ko guntun taba, wutar ta biyo shi har zuwa bakin jarka. Haka kuma fetur yana kumbura da zafi, kusan kashi ɗaya cikin ɗari a duk ƙarin digiri goma. Jarkar da aka cika maƙil da sanyin asuba, kafin azahar dole ta nemi inda za ta fitar da numfashi.

Don haka shawarata ta farko, kafin a ɗauki mai a ɗauki biro. Ka cika tanki, ka yi tafiya, ka ga kilomita nawa lita ɗaya ke kai ka. A ce tankinka lita goma sha ɗaya yake ci, kuma lita ɗaya na kai ka kilomita talatin da biyar, ka ga kana da kusan kilomita 385 ke nan. Cire kashi ɗaya cikin uku saboda kaya, da rairayi, da iska, da ɓatan hanya. Idan akwai gidan mai kafin wannan iyaka, to ba ka da bukatar jarka ko kaɗan, sai dai ka riƙa ƙara mai tun tanki yana rabi. Inda guzuri ke zama tilas shi ne irin hanyar Damagaram zuwa Agadas, mai tsawon kusan kilomita 450, inda in ka wuce Tanut garuruwa ke nisa da juna. Ko a nan ma, lita biyar ta ishi mai lissafi.

Na biyu, mazubi. Gorar ruwa da robar lemo da galan na man girki ba don fetur aka ƙera su ba. Murfinsu ba ya riƙe tururi, kuma faɗuwa ɗaya ta isa ta fasa su. Kwalba kuwa ba a ma maganarta. A nemi jarkar ƙarfe ko ta roba mai kauri wadda aka yi musamman don mai, mai zoben roba a cikin murfi. A bar sarari kamar yatsu uku a sama. Tsadarta ba ta kai kuɗin allura da wankin ƙuna na mako ɗaya ba.

Na uku, wajen zubawa a sauke jarka a ajiye ta a ƙasa, kan famfon ya taɓa bakinta. Kowa ya san yadda riga ke ƙara tas-tas idan an tuɓe ta da hunturu. To wannan 'yar wutar da gogayya ke tarawa ta isa ta kunna tururin fetur, kuma ajiye jarka a ƙasa ne ke sa ta zurare.

Na huɗu, wurin ɗauri. A tsayar da ita a kan kariya, murfi yana sama, nesa da salansa da batir da wayoyi. Kada a goya ta a baya cikin jaka, kada a sa ta tsakanin ƙafafu, kada kuma a ba yaro ko mai ɗaki su rungume. Lita ashirin ta kai nauyin kilo goma sha biyar, kuma idan tana karkaɗawa a sama sai ta rinjayi babur a kwana. A shimfiɗa tsohon tsumma a ƙarƙashi don kada ƙarfe ya ci ta, a ɗaure da igiya biyu, ba da robar tayar nan kaɗai ba. Duk tsayawa a shafa a sansana. Da zarar tanki ya sami wuri, a juye guzurin a ciki, domin babu ma'ajiyar da ta fi tankin kansa.

Na biyar, wajen juyewa a kashe inji, a sauka, a bar shi ya huce, a yi amfani da mazurari. Kada a haska da ashana ko aci-bal-bal. Kada a zuƙo mai da baki ta tiyo, don in ya shiga huhu illa ce babba, kuma wanda ya haɗiya kada a sa shi amai, a kai shi asibiti. In mai ya jiƙa tufafi, a canza su kafin a taɓa kik. Da dare kuma kada a shigar da jarka ɗakin da ake kwana.

In tsautsayi ya auku, ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi, domin mai yana tasowa a kan ruwa. Rairayi ko bargo mai kauri ake sa wa. Amma ƙunar jiki, bayan an kashe wutar, ruwa mai sanyi za a yi ta kwarara mata har minti ashirin. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da baƙin mai.

Sannan a riƙa tambayar doka kafin a kama hanya. A 2021 gwamnatocin Zamfara da Katsina sun hana sayar da fetur a jarka saboda matsalar 'yan bindiga, kuma mutum da jarka a kan babur abin zargi ne a shingen jami'an tsaro, balle a kan iyaka.

Ya Edita, ba mu manta da Majiya ta Jihar Jigawa ba, inda fiye da mutum ɗari da hamsin suka rasu a Oktoban 2024 wajen kwasar man tankar da ta faɗi. Allah Ya jiƙansu da rahama. Wutar da ta ci su ita ce dai muke ɗaurawa a bayanmu, yawa ne kawai ya bambanta. Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin 'yan acaɓa da hukumar kiyaye haɗurra da su wayar da kan jama'a, mu ma makanikai kada mu bar babur ya fita daga garejinmu da waya tsirara. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kai kowa gida lafiya, amin.

Naka mai karatu a kullum,
Wani makanikin babura,
Kano.