Mujiya, Kyanwa da Kwaɗo: Wacce Ta Dace da Ɗakin Ɗalibi?

Zancen kimiyya na yau ya taso ne daga wata tatsuniya ta Turawa. A shekarar 1997 aka buga littafin farko na labarin Harry Potter a Ingila, wanda wata mata mai suna J. K. Rowling ta rubuta. A cikinsa akwai wata makarantar tsafi da ake kira Hogwarts. Dokarta ita ce, yaro yana iya zuwa da dabba ɗaya tak daga cikin uku: ko mujiya, ko kyanwa, ko kwaɗo. Makarantar dai ƙage ce, amma tambayar da dokar ta tayar ta gaske ce, watau wace dabba ce za ta iya zama ɗaki ɗaya da ɗalibi ba tare da ɗayansu ya cuci ɗaya ba?

Domin a gwada dokar, sai a kai ta wurin da ɗalibai na gaske suke zaune. A gabashin birnin Alƙahira, kusa da Madinat Nasr, akwai wata unguwa mai cunkoso da ake kira Arba wa Nus. Ma'anar sunan da Larabci huɗu da rabi, domin tana wajen kilomita huɗu da rabi a kan hanyar Suwes. Mutanen Sudan da sauran baƙi daga ƙasashen Afirka suna da yawa a can, kuma a unguwannin wannan yanki ne ɗalibai da yawa na Jami'ar Azhar, har da Hausawa, sukan kama haya saboda sauƙin kuɗi. Ɗaki ɗaya, mutum uku ko huɗu, ga littattafai, ga tukunyar girki.

A fara da mujiya. Hausawa sun daɗe suna camfa ta, alhali kuwa ba ta da wani asiri sai na halitta. Ƙasusuwan wuyanta 14 ne, na mutum kuwa 7, shi ya sa take juya kai har kashi uku cikin huɗu na da'ira. Farar mujiya mai kwana a kango kunnenta ɗaya ya ɗan fi ɗaya bisa, saboda haka tana gane inda motsi ya fito. Wani masani na Amurka, Roger Payne, ya nuna cewa tana kama ɓera cikin duhu ƙirin da ji kaɗai. Amma abincinta ɓera ne ɗungurungum, da gashi da ƙashi, daga baya ta amayar da abin da bai narke ba. Da dare take farkawa, sa'ad da ɗalibi yake neman barci. A tatsuniyar ita ce mai kai wasiƙa. A tarihi kuwa tantabara ce ta yi wannan aiki, har Sarki Baibars, wanda ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277, ya riƙa aika saƙo da tantabaru tsakanin Alƙahira da Sham. Mujiya fa amfaninta yana waje, inda take rage wa manomi ɓarnar ɓeraye. A ɗaki wahala kaɗai za ta sha.

Sai kwaɗo. Shi ba ya shan ruwa da baki. Ta fatarsa yake tsotsa. Saboda haka ɗakin bene a gefen hamada, inda iska take a bushe, kurkuku ne gare shi. A bayan idanun kwaɗon tudu akwai wasu ƙulluttai biyu masu fid da farin ruwa mai dafi, shi ya sa kare in ya cafke shi sai bakinsa ya yi kumfa. Har wa yau kwaɗi sukan ɗauki ƙwayar cuta mai sa zawo da zazzaɓi, wadda ake kira salmonela. Wanda ya taɓa kwaɗo ya sa hannu a akushi bai wanke ba, ya kira wa abokan cinsa ciwo. Wurin kwaɗo lambu ne, inda yake cinye ƙwari.

Saura kyanwa, ita ce kaɗai ta gida cikin ukun. A tsibirin Ƙubrus an tono wani kabari mai shekara wajen 9,500, aka tarar da mutum da kyanwa kusa da juna. Masana suna ganin rumbu ne ya haɗa su: hatsi ya jawo ɓera, ɓera ya jawo kyanwar daji, mutum ya ga amfaninta ya ƙyale ta. Mutanen Masar na dā sun girmama ta ƙwarai, har sukan naɗe gawarta su binne. A 1888 aka gano irin waɗannan gawawwaki dubu bisa dubu a Bani Hasan, aka yi lodinsu zuwa Libaful aka sayar domin taki. An kuma ruwaito cewa shi wannan Sarki Baibars ya bar wani lambu wakafi domin ciyar da kyanwoyin Alƙahira. Har yau suna nan birjik a lungunan birnin, kuma ɗalibin da ya miƙa wa ɗaya ƙashin kifi sau biyu ya yi baƙuwa ke nan.

To, amma da sharaɗi. Na farko, ciwon haukan kare, wanda ke kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara a duniya. Yawanci kare ne ke kawo shi, amma kyanwa ma tana ɗauka. Kadan ta ciji mutum ko ta yakushe shi, lalle ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, sa'an nan ya tafi asibiti a ranar, zama in alamun ciwon suka bayyana, da wuya a tsira. Tun 1885 Louis Pasteur ya fara yi wa mutum allurar wannan ciwo a Faransa. Ita ma kyanwar a kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata rigakafi.

Na biyu, wata ƙwayar cuta mai suna toksoplasma, wadda aka gano a Tunis a 1908. Sai wajen 1970 aka tabbatar cewa a hanjin kyanwa take yin ƙwai, su fito cikin kashinta. Ga mai ƙoshin lafiya ba ta cika yin lahani ba, amma tana iya nakasa jaririn da ke ciki. Ƙwan ba ya zama mai harbi sai ya kwana ɗaya zuwa biyar, saboda haka a kwashe kashin kullum, a wanke hannu, kuma matar ɗalibi mai juna biyu kada ta yi wannan aiki.

Na uku ba na likita ba ne. Ɗalibi baƙo ne, wata rana zai ɗaura kaya ya koma Kano ko Maraɗi, kyanwa kuwa tana iya shekara 15. Kafin ya ɗauke ta, ya nemi yardar mai gida da ta abokan ɗaki, ya kuma san hannun da zai bar ta. Wanda ba zai iya cika waɗannan ba, ya ajiye mata ruwa da abinci a bakin ƙofa, ya bar ta da 'yancinta. Rigakafi ya fi magani.

Sai wani mako, a huta lafiya.