Dillalan Iska: Dalilan Rashin Daɗewar Masu Nemo Talla a Gidajen Rediyon Kano

Dokar soja mai lamba 38 ta shekarar 1992 ce ta ba 'yan kasuwa damar mallakar kafafen yaɗa labarai a Nijeriya, kuma tun da Freedom Radio ta fara aiki a Kano a 2003 tashoshi masu zaman kansu suke ta ƙaruwa a birnin. Tashar gwamnati tana da kason da take jira daga baitulmali. Mai zaman kanta kuwa ba ta da abin biyan albashi da sayen man janareta sai kuɗin talla. Nemo wannan kuɗi yana wuyan ma'aikatan sashen kasuwanci, waɗanda mai sauraro bai san muryarsu ba, kuma kujerarsu ce ba ta cika ɗumama ba.

Tushen matsalar yana cikin hajar kanta. Atamfar da ta yi kwantai a Kantin Kwari yau tana nan gobe, amma mintin da ya wuce ba a sayar ba ya tafi ke nan. Saboda haka ake yanka wa mai nemo talla adadin kuɗin da zai kawo kowane wata, a ba shi ɗan albashi ko kamasho zalla. Manyan tallace-tallace na bankuna da kamfanonin sadarwa galibi ta hannun kamfanonin talla na Legas suke zuwa, sai a bar shi da ƙananan 'yan kasuwa da masu maganin gargajiya da 'yan siyasa, waɗanda kakarsu ke ƙarewa da zaɓe.

Unguwar Kabara, wadda ke cikin badala kusa da fadar Sarki, kuma cibiyar ɗariƙar Ƙadiriyya, ta isa misali. Abin da ake kai wa rediyo daga irin wannan unguwa sanarwa ce: saukar karatu, ɗaurin aure, mauludi, sai maukibi a watan Rabi'us Sani. Ciniki ne mai bin lokaci, kuma da yawa daga masu shi suna ganin sa aikin lada ne da ya cancanci rangwame. Wanda zai samo shi sai ɗan gida, wanda ya san zauren da ake durƙusawa da lokacin da ake samun malam. To, amma wannan sanayya da ta buɗe masa ƙofa ita ce kuma take ɗaure masa baki. An sa sanarwa a kan mutunci, an ce za a aiko da kuɗi, alhali tasha ba ta lissafa ciniki sai kuɗi ya shiga asusu. Yaron da aka haifa a gaban mutum ba zai tsaya masa a ƙofar gida yana bin bashi ba. Wata ya ƙare, littafi ya nuna gibi, kuma littafi ba shi da gurbin rubuta kunya.

A nan ne ya bambanta da dillalin Kasuwar Kurmi, duk da cewa la'ada ce abincinsu su biyun. Dillali ba ya da wa'adin wata, kuma maigidansa yana auna shi da amanar shekaru. Gidan rediyo ya ɗauki la'adar ya bar haƙurin.

Doka ma ba ta tsaya masa sosai ba. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tanadi sanarwar kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku a aiki ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu zuwa shekara biyar, sannan wata ɗaya daga nan. Sai dai sashe na 91 ya cire wakilai da dillalai masu aiki a wajen ma'aikata daga ma'anar “ma'aikaci”, kuma mai nemo talla a titi yake wuni. Abin da ya rage masa shi ne takardar ɗaukar aiki, in an ba shi, da Kotun Ma'aikata, in yana da kuɗin lauya.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, da wuya a ji kalmar “kora” a irin wannan rabuwa. “Sallama” ake cewa, kalmar da ake yi wa baƙo idan zai koma gida, ko a ce wane “ya ajiye aiki”, alhali kamashonsa aka riƙe har ya gaji ya daina zuwa. Wannan sakayawa tana rufa wa ɓangarorin biyu asiri, tana kuma sa ƙidayar waɗanda aka kora ta yi wuya.

Asarar ba ta tsaya a kansa ba. Mai makarantar Islamiyya a Kabara mutum ya sani, ba tasha ba, don haka idan wanda ya saba da shi ya koma wani gidan, sanarwarsa tana bin sa. Sabon da aka turo zai fara ne daga gaisuwa da tambayar ɗan gidan wa, kuma shi ma an riga an yanka masa adadin watan farko.