Dashen Itatuwa: Ina Aka Baro Marga?

Damina ta kankama, an kuma shiga hidimar gangamin dashen itatuwa. Jami'ai na raba dashe, ana shelar yawan abin da aka dasa, ana ambaton shirin katangar itatuwa ta Sahel da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. To amma a duba abin da ake saukewa daga mota: darbejiya, turare, da furannin waje waɗanda ba sa ganin watan Maris sai da bokiti. An ɗauka itacen ado dole baƙo ne, na gida kuwa sai dai makamashi.

Wanda ya ratsa daji da bazara ya san marga, wadda wasu ke kira gama-faɗa. Lokacin da ƙasa ta ƙone, ita ma ta kaɗe ganye, sai ta yi lulluɓi da fure rawaya, zangarniya-zangarniya yana reto, ƙudan zuma na ta kai-komo. Daga baya ta saki dogayen kwansuna baƙaƙe. Gara ba ta cin itacenta da sauƙi. Irinta na da tauri, don haka a zuba masa tafasasshen ruwa ya kwana kafin a shuka. A dasa da farkon damina, a kewaye da ƙaya saboda awaki, a yi ban-ruwa a ranin farko. Da saiwa ta nutsa, ta gama neman taimako.

Kare itacen gida ba sabon abu ba ne a wurinmu. A ƙarni na 19 sarakunan Damagaram sun kafa doka mai tsanani a kan saran gawo, domin sun san ganyensa na zuba da damina ya zama taki, gero ya yi kyau a gindinsa. Daga shekarun 1980 manoman Maraɗi suka kama abin da suke kira sassaben zamani: in kututture ya toho a gona, ba a ƙone shi, a zaɓi reshe biyu ko uku a rene su. Da haka aka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, ba tare da gandun renon dashe ba. Darbejiya kuwa daga Indiya Turawa suka kawo ta. Inuwarta ta yi mana rana, amma ba dalili ba ne ta mamaye kowane titi.

Yau masu haƙar saiwa don maganin ciki suna ƙarar da marga a daji, ba mai shuka madadin. Ma'aikatun muhalli su sa ta cikin abin da suke renawa, tare da minjirya da gurjiya. Shugabannin makarantu da kwamitocin masallatai su nemi a ba su. Kuma duk jami'in da ya faɗi adadin abin da ya dasa a Agusta, a tambaye shi a Afrilu nawa suka rayu.