Damargu: Duwatsun da ke nuna Tanut ta taɓa zama ƙarƙashin teku

A Damargu, yankin Tanut da Belbeji da ke arewacin jihar Damagaram a Nijar, da rani babu abin da ke cin lokacin jama'a kamar neman ruwa. Sai dai tuddan da ke kewaye da Tanut na ɗauke da shaidar cewa wurin ya taɓa zama gindin teku.

Shaidar ita ce wasu duwatsu masu naɗi kamar katantanwa, waɗanda masana ke kira amonit. Ƙwanson wata halittar teku ne da ta ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. A 1943 Bafaranshen masani Daniel Schneegans ya wallafa bincike kan na Damargu, har ya raɗa wa wani jinsinsu suna Nigericeras, wato ya ci sunan Nijar.

Kimanin shekara miliyan 94 baya, tekunan duniya sun cika sun batse. Ruwa ya malalo daga arewa ya ratsa Sahara, ya haɗu da wanda ya biyo kwarin Binuwai. Da ya janye sai ya bar laka mai kauri a kan yashin da ke riƙe da ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma tana cikin dalilan da suka sa masu haƙar rijiya a yankin ke yin nisa kafin su tarar da ruwa.

Duk da haka, a tarihin duniya mai shekara biliyan 4.5, tekun Damargu na jiya-jiya ne. Tsofaffin gindin teku suna Pilbara a Ostareliya da Barberton a Afirka ta Kudu, inda duwatsu masu shekara kusan biliyan 3.5 ke ɗauke da alamun maɓuɓɓugan ruwan zafi.

A 1977 jirgin nutso Alvin ya gano irinsu suna aiki kusa da tsibiran Galapagos, a zurfin mita 2,500. Hasken rana ba ya kai wa can, amma ga halittu birjik, suna dogara da ƙwayoyin bakteriya masu rayuwa da sinadaran ruwan. Shi ya sa masana da dama ke ganin a irin wuraren rayuwa ta soma, kodayake wasu na cewa a tafkunan zafi na tudu ne.

Tekun Damargu kuwa marar zurfi ne, mai ɗumi, wanda rana ke haskawa, kuma a irin wannan ruwan ne Nigericeras ya rayu.